Dattijon Da Ya Fito Daga Gidan Yari: Wa Zai Karɓe Shi?

 

Maganarmu ta yau ba ta ƙuri'a ba ce, ba kuwa ta haraji ba. Magana ce bisa wani mutum wanda kowa a nan ya san irinsa, amma ba safai a kan ambace shi a bainar jama'a ba, watau dattijon da ya shekara goma, ko ashirin, ko fiye, a gidan yari, sa'an nan ran nan gandiroba ya buɗe masa ƙofa ya ce ya tafi gida. To, wane gida?

Bari mu fara da yawansu, don kada wani ya ce abin bai kai a tara jama'a dominsa ba. A shekarar 2024 mutanen da ke tsare a gidajen yari na Nijeriya sun kai wajen 80,000. Kashi biyu cikin uku nasu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Fiye da 3,000 kuwa an yanke musu hukuncin kisa, suna zaune shekara da shekaru, ba a kashe su ba, ba a sake su ba. A cikin waɗannan ne mutum yakan shiga da baƙin gemu ya fito da fari. Ku lura kuma, wanda aka yanke wa wa'adi ya fi mai jiran shari'a sanin inda ya dosa, gama shi a kan rage masa sulusin ɗaurinsa in ya yi ladabi, shi ya sa kuke jin ana cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Mai jira ba shi da abin da za a rage masa, tun da ba a ɗora masa kome ba balle a sauke.

Masana sha'anin kurkuku a ƙasashe da yawa tun daga shekara 50 ko 55 suke lissafa fursuna cikin tsofaffi, don zaman wurin yana cin jiki fiye da zaman waje. Ga cunkoso, ga zafi, ga tarin fuka da ƙazuwa, ga tuwon da ba ya riƙe ciki. Sai a 2024 aka ƙara kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa naira 1,125 a yini, ku kuwa masu awo kun san abin da wannan zai saya. Saboda haka in mun ce dattijo, ba lalle sai mai shekara saba'in ba. Mai hamsin da biyar wanda haƙoransa suka zube, idonsa ya dushe, gwiwa ta ƙi, shi ma yana ciki.

Sakinsu kuwa ana yi. Tsarin mulkin ƙasa ya ba Shugaban Ƙasa ikon afuwa a sashe na 175, ya ba gwamnoni a sashe na 212, manyan jojin jihohi kuma sukan zaga gidajen yari su sallami waɗanda suka daɗe ba shari'a. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, aka ba da sanarwar sakin mutum 2,600, cikin waɗanda aka duba kuwa har da masu shekara 60 zuwa sama da marasa lafiya. A watan Nuwamba na 2023 aka tara naira miliyan 585 aka biya wa mutum 4,068 tarar da ta riƙe su, aka ba kowa naira 10,000 kuɗin mota. Ba mu raina ba, alheri alheri ne. Amma a bakin ƙofa a kan ɗauki hoto, manya su shiga motocinsu, jarida ta buga, shi ke nan an gama. Shi kuwa mai fitowa a nan nasa aikin ya soma.

Ku ɗauki mutumin da aka ɗaure a 1998 ya fito bayan shekara 25. Ran da ya shiga, takardar kuɗi mafi girma ita ce ta naira 50. Bai taɓa cin kasuwa da ta ɗari biyar ba, balle ta dubu wadda ta fito a 2005. Wayar hannu sai 2001 ta zo. Ya bar Kano ana hawan acaɓa, ya tarar an hana ɗaukar fasinja a babur tun 2013, sai A Daidaita Sahu. Ya je karɓar ɗan taimako a ce ina lambar bankinsa, ina lambar ɗan ƙasa, shi kuwa ko takardar shaida ba shi da ita. Gonar da ya sani a bayan gari ta zama unguwa, har da masallacin Juma'a.

Duk wannan mai sauƙi ne, jika ɗan shekara goma zai koya masa cikin mako biyu. Abin da jika ba zai iya gyara masa ba shi ne zumunci.

Mu nan ƙasar arzikin dattijo mutane ne. Ba fansho gare shi ba, ba ajiya a banki ba. Abin da ya tara a tsawon ransa shi ne sawun da ya taka: ya je sunan ɗan wane, ya tsaya a ɗaurin auren 'yar wane, ya ɗauki makarar uban wane, ya kai gudummawa ran da rumfar wane ta ƙone. Zumunta a ƙafa take, haka muka gada. Irin adashi ne, kowa yana zubi, ran da kwasarka ta zo a kawo maka. To, wanda ya shekara ashirin a ɗaure shekara ashirin ke nan bai yi zubi ba. An haifi yara bai yi barka ba, an yi rasuwa bai yi ta'aziyya ba. Waɗanda ya yi wa zubi a da, masu jin nauyinsa, rabinsu suna kushewa. Waɗanda suka gaje su ba su san shi ba sai da labari, labarin kuwa guda ɗaya ne: shi ne wanda aka ɗaure.

Ku dubi majalisar ƙofar gida bayan La'asar. Kowane dattijo yana da wurin zamansa a tabarma, an san wanda a kan fara gaisarwa, an san wanda in ya yi gyaran murya a kan yi shiru. Wannan wuri ba a sayensa, da shekaru a kan same shi. Mutuminmu ya zo ya yi sallama, a amsa, a ɗan matsa masa a gefe wajen takalma. Ba wanda ya kore shi. Amma hira ta mutu, wani ya tuna yana da aike, wani ya jawo buhunsa kusa da ƙafarsa. Ya zo yau, ya zo gobe, jibi ba zai zo ba. Daga nan sai zaman ɗaki, ya fita sallar Asuba da duhu ya komo da duhu don kada a gan shi. Sai ku ji ana cewa ai tun da ya fito ba ya son mutane, gidan yari ya taɓa masa kai.

Lalle akwai abin da gidan yari yake taɓawa, kada mu ɓoye. Mutumin da aka shekara ashirin ana gaya masa lokacin tashi da lokacin ci da lokacin kwanciya, ana ƙirga shi safe da yamma kamar awaki, yakan manta yadda a kan zaɓi abu da kai. Wani in ya iso ƙofa sai ya tsaya yana jiran a buɗe masa. Wani ba ya iya barci in babu hayaniya, wani yana ɓoye abinci a ƙarƙashin tabarma, wani in an ɗaga murya sai ya durƙusa. Ya koyi kada ya gaya wa kowa cikinsa, gama a can wanda ya saki baki ya sha wuya. Wannan ba hauka ba ne, dabarun da suka raya shi ne, ba kuwa za su sake shi ran da aka sake shi ba.

Cikin gida abin ya fi ciwo. Matarsa wataƙila ta kai ƙara gun alƙali an raba auren saboda rashin ci da sha, shari'a kuwa ta ba ta wannan dama, kada kowa ya zarge ta. In ta zauna, to, ta shekara ashirin ita ce uwa ita ce uba, da ƙuli-ƙuli da wankau ta rayar da yara, ba za ta koma neman izinin sayen gishiri gun wanda bai san kuɗin gishirin ba. 'Yarsa da ya bari a goye an aurar da ita, ƙaninsa ne ya yi walicci. Ɗansa ya girma ana yi masa gori a makarantar allo. Yanzu ga wani tsoho ya shigo yana so a ce masa Baba, a durƙusa a gaishe shi. Yaron zai durƙusa, amma zuciyarsa tana tsaye.

Kada ku ce wannan sai ƙaramin mutum. Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya fito ran 11 ga Fabrairu 1990 bayan shekara 27, yana da shekara 71, duniya duk tana yi masa tafi. Uwarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1969, ba a bar shi ya je jana'izar ko ɗaya ba. Shekara biyu da fitowarsa suka rabu da matarsa Winnie, a 1996 kotu ta kashe auren, shi da bakinsa ya gaya wa kotun irin kaɗaicin da ya sha bayan fitowarsa. In mutumin da ya zama shugaban ƙasa bai sami gidansa yadda ya bar shi ba, ina ga wanda aka ɗaure kan rikicin iyakar gona?

Mun ambaci gona, bari mu tsaya a kanta kaɗan, don a nan ne a kan ci amana. Ɗauri ba ya hana gado. Malamai suna nan, a tambaye su: wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadon wanda ya kashe, amma zama a kurkuku kansa ba ya cire mutum daga cikin magada. Duk da haka sau nawa a kan raba gado mutum yana ciki, a ce ai ba zai fito ba, a cinye rabonsa, ko a jinginar da gonarsa a ce kuɗin lauya aka biya, ba takarda ba shaida? Ran da ya fito, waɗanda ya kamata su fara tarbarsa su ne ba su son ganinsa, gama ganinsa bashi ne. Sau da yawa in kun ji dangi suna cewa ya ɓata musu suna, ku bincika, za ku tarar akwai fili a ƙarƙashin maganar.

A zamanin En'e, lokacin da gidajen yari suke hannun sarakuna kafin Gwamnatin Tarayya ta haɗe su a 1968, an ɗaure 'yan NEPU ba iyaka saboda lacca ba izini ko zargin zagin sarauta. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 aka ɗaure ta. Amma waɗannan in sun fito akwai masu jiransu a ƙofa, akwai wanda ya riƙe musu iyali, ɗaurin ma ya zama abin alfahari. Ginin ɗaya ne, tuwon ɗaya ne, gandirobobin ɗaya ne. Abin da ya bambanta fitarsu da ta sauran shi ne jama'a ba ta yanke igiya ba tun suna ciki. Talakawa ne suka yi wannan, da sisi da kwabo, ba gwamnati ba.

Ga labarin abin da kan faru in ba mai jira. A ƙasar Japan, a watan Janairu na 2006, wani tsoho mai shekara 74 ya sa wa tashar jirgin ƙasa ta garin Shimonoseki wuta ta ƙone. Kwana takwas ke nan da sakinsa. Ya yi ta yawo cikin sanyi, ba dangi, ba wurin kwana, da aka kama shi ya ce so yake a mai da shi kurkuku. Abin ya girgiza mahukuntan ƙasar, har daga 2009 suka shiga kafa ofisoshi lardi lardi waɗanda aikinsu shi ne su nemo wa tsofaffi da naƙasassun fursunoni masauki da magani tun kafin ranar fita. Shi tsohon kuwa wani limamin coci ya riƙa ziyartarsa yana rubuta masa wasiƙa, ran da ya fito a 2016 ya je ya tarbe shi ya kai shi cikin mutane. Har wa yau a ƙasar akwai mutanen unguwa fiye da 40,000 masu aikin sa kai, ba albashi, waɗanda doka ta san da su tun 1950, kowa yana riƙe da wanda aka saki, yana kiransa gida su sha shayi su yi hira. Ƙasa mai arziki ke nan ta gano kuɗi kaɗai ba ya yi, sai an haɗa da mutum. Mu da muke da mai unguwa da liman da sarkin kasuwa a kowane lungu ba sai mun aro wannan daga nesa ba.

Yanzu ku 'yan kasuwa, mun san abin da ke ranku, ba kuwa za mu ce ba ku da gaskiya ba. Kuna cewa, jarin nan da gumi na tara shi, in na sa tsohon fursuna a rumfa ya kwashe fa? Tambaya ce mai kyau. Amsa ta fari, tsufa yana kashe ɓarna. A Amurka wata hukumar gwamnati ta bi sawun fursunonin da aka saki har shekara takwas, ta ba da rahoto a 2017: cikin waɗanda suka fito ba su kai shekara 21 ba, wajen kashi 68 cikin ɗari an sake kama su, cikin masu 65 zuwa sama kuwa kashi 13 ne kacal. Ƙasarsu dabam tamu dabam, amma gwiwa ɗaya ce, mai furfura ba ya haura katanga. Amsa ta biyu, ba mu ce ku ba shi makullin sito ran farko ba. Kasuwa tana da matakanta tun kaka da kakanni, daga Kurmi har Dawanau da Kantin Kwari. Baƙon da ya zo ba a san asalinsa ba, ai a kan fara ba shi tsaron tabarma in an tafi salla, sa'an nan aike, sa'an nan kayan bashi na yini ya sayar ya kawo da yamma, sa'an nan na mako. Goro ƙwarya guda, ko tiren dabino, ko awon gero a bakin rumfa. Abin da kuke yi wa baƙo shi muke roƙo ku yi wa ɗan gari. Da yawansu ma sun fito da sana'a a hannu, ɗinki ko sassaƙa ko gyaran takalmi ko saƙar hula, abin da suka rasa shi ne inuwar da za su zauna da wanda zai ce na tsaya masa.

Kalmar nan, na tsaya masa, ita ce duka maganar. Mutum guda mai mutunci a layi in ya faɗe ta, saura za su bi. Ribar kuwa ba kuɗin kaɗai ba ne. Wanda yake da wurin zama a kasuwa yana da masu gaishe shi da safe, yana jin an yi haihuwa gidan wane ya je barka, yana da ɗari biyar ɗin da zai jefa a faranti ran ɗaurin aure. Ya koma zubi ke nan. Dattijo yakan jure yunwa, amma ba ya jure a ce kullum shi ne mai karɓa.

Akwai kuma waɗanda aka yi wa laifin, kada mu tsallake su. Ba duk wanda ya fito ne aka zalunta ba. Wani ya zubar da jini, marayun da ya bari suna nan cikin garin, wataƙila suna cikin taron nan. Ba mai ikon tilasta musu yafewa, wanda ya ce musu ai ya wuce a manta bai yi musu adalci ba. Abin da ya kamata shi ne tun kafin ya fito dattawa da liman su je su same su, kada su fara ganinsa kwatsam a layin mahauta. In sun yarda ya zo neman gafara, a raka shi, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ba kwana-kwana. In ba su yarda ba, a nema masa zama a wata unguwa ko wani gari gun dangi, a bar wa lokaci. Shi ma mai fitowa akwai nasa: kada ya shigo gida da tsawa yana neman girman da bai yi wa hidima ba, ya fara gode wa matar da ta riƙe gidan da ƙanin da ya aurar masa da 'ya.

Mahukunta kuwa ba sabuwar doka muke nema gare su ba, wadda suka sa wa hannu muke so su cika. A 2019 aka yi dokar da ta sauya wa gidajen yari suna suka zama gidajen gyaran hali. Dokar ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya da sakin talala, ta ba babban joji ikon mai da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai in mutum ya ƙare ɗaukaka ƙara ya shekara goma ba a zartar ba, ta kuma ce a ba mai ladabi takardar shaidar kyakkyawan hali, kada a nuna masa bambanci saboda ɗaurinsa. Ƙa'idodin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, sun ce a tsare mutum kusa da garinsu gwargwadon iko, a kuma fara shirin fitarsa tun ran da ya shiga. Amma a kan ɗauke mutum a kai shi wata jiha mai nisa, tsohuwa ba ta da kuɗin mota, ziyara ta koma shekara shekara, daga nan ta mutu. Tun 2023 kuma an gyara tsarin mulki, jihohi sun sami ikon taɓa sha'anin gidajen yari, saboda haka gwamna ba shi da sauran cewa abin na Abuja ne. Ku tambayi ɗan majalisarku in ya zo neman ku: dattawa nawa ne daga ƙaramar hukumar nan suke ɗaure, a ina, wa aka sanar ran da za a sake su?

Mu kuma ga abin da muke so kowane reshe ya ɗauka daga nan. A kan yi afuwa galibi da azumi, da Salla, da ranar 1 ga Oktoba. Kafin lokacin a zauna da mai unguwa a san mutanen unguwa da ke ciki, a sa mutum biyu su riƙa kai ziyara ko da wata wata ne, da ɗan sabulu da garin kwaki da labarin gida: wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya yi aure. A binciki gonarsa da rabon gadonsa tun yana ciki. Ran fita a je da riga da hula da takalmi, don kayan da ya shiga da su ba za su shige shi ba, a biya da shi asibiti a duba ƙirjinsa da jininsa da idonsa. Ranar Juma'ar farko kuwa kada a bar shi ya tafi masallaci shi kaɗai. Dattijo guda ya biya masa, su jera a sahu, in an sallame su bi gidajen da aka yi rasuwa yana ciki, gida gida, ya yi ta'aziyyar da ake binsa.